Arba'in ɗin Baffa Nomau

Ana sallame asuba muka bar Maraɗi, ni da wani abokina mai tsohuwar mota wadda sai an lallashe ta take tashi. Masu tambaya ko lafiya suka ji ni shiru kwana uku, ƙauyenmu na je, can arewa da Tchaké, wajen sadakar arba'in ta Baffa Nomau. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da ubana ya rasu. Ranar da Allah ya yi mashi cikawa ina Yamai wajen aiki. Ban samu jana'iza ba, ban samu uku ba, ban samu bakwai ba. Ta waya na yi gaisuwa, kamar wani bare.

Hanya mafi kusa ita ce a ratse a Cadawa a miƙe Mayahi, amma sai muka zarce gabas, don mu ɗauki Yaya, babbar ɗiyar Baffa, da ke aure a Maijirgi. Gudron, wato kwalta, ba laifi, sai ramuka jefi-jefi da abokina ke kauce wa yana yi wa motar magana kamar mai korar jaki. Kaka ce, an gama yankan hatsi, amma amalanken da muke wucewa ba wanda ya cika. Karan da ke tsaye a gonaki gajeru ne, sirara. A Gazawa muka tsaya shan shayi da burodi. Madarar da mai shayin ya zuba sai da na leƙa kofin kafin na yarda ya zuba. Ya ce kada mu ga laifinshi, bana tiyar hatsi tun a kaka ta kama farashin bazara, kowa tsimi yake.

A Tasawa muka ƙara esans, man mota na kwalba, a bakin hanya, muka wuce Maijirgi. Yaya na zaune ƙofar gida da ƙullin kayanta, da ledar ƙuli-ƙuli, da kaza ɗaure da ƙafa. Shekara uku rabona da ita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe ka san hanya." Na duƙa na yi mata gaisuwar rashi, ta amsa, ta shiga baya ta rungume kazarta. Muka koma Tasawa muka hau jar hanyar Mayahi.

Wannan hanya duk gargada ce, in ka yi gudu haƙoranka su yi ta haɗuwa, in ka tafi a hankali cikinka ya juye. Wajen azahar muka gangara Gulbin Kaba. Da ina yaro goruba ce a nan har ba ka ganin ƙarshenta. Yanzu tsofaffin itatuwa ne tsilli-tsilli, sai kaba da ake yanka tun ba ta tashi ba. A Mayahi muka ci shinkafa da wake da mai da yaji wajen wata mata kusa da tasha, kuma a nan ne Baffa ya fara dawo mani sosai, don a garin na yi kwaleji.

Yadda na shiga lakwal, wato makarantar boko, ba abin alfahari ba ne. A lokacin an aiko ƙauyenmu cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya. Mutane na ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu. A gidanmu mu biyu ne sa'anni, ni da Lawali, ɗan Baffa na cikinshi. Baffa ya kama hannuna ya miƙa. Gari ya ɗauka cewa ya ba da maraya don ya tsirar da nashi, ni ma haka na ɗauka, na yi kuka har muryata ta dushe. Amma tun ina firamare a Tchaké har na zo kwaleji a Mayahi, wata bai taɓa ƙarewa ba sai ga Baffa a ƙasa, da buhu a kafaɗa, cikinshi ƙyafaffen zomo ko zabin daji. Ba ni yake ba, matar gidan da aka ajiye ni yake kai wa, don kada ta manta da ni wajen rabon tuwo. Ya zauna ya sa in buɗe littafi in karanta mashi faransanci, yana gyaɗa kai, ba ya jin ko kalma ɗaya. Har ya mutu ban tambaye shi dalilin da ya sa ni ya zaɓa ba.

Daga Tchaké sai rairayi. Sau biyu muka kafe. Na biyun sai da wasu mutane suka kwance bijimai daga amalanke suka ja mu, abokina yana ta rantsuwa cewa motar ba halinta ba ne. Muna cikin tafiya Yaya ta buɗe baki karo na biyu, ta nuna hagu da haɓa ta ce, "Nan ne dajin Baba."

Na duba, ban ga daji ba. Gona ce ke bin gona har inda ido ya tsaya, ko sabara babu ta kirki. A nan Baffa yake farauta. Shi maharbi ne na gado, da baka da kwari ya fara, daga baya ya samu bindiga adaka. Yana da burtu, wato kan tsuntsu na itace da maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane su yi ta rarrafe, namun daji su zaci tsuntsu ne. Da shi yake kusantar barewa har ya ji numfashinta. Ba ya harbin mai ciki, ba ya fita da damina, kuma duk naman da ya shigo gida sai an fara kai wa tsofaffin da ba su da kowa kafin mu ga ƙashi. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai faɗa in an taɓa karenshi, mai dariya in an ce ya yi kuskuren harbi. Da damina kuwa ba wanda ke riga shi gona. Gandunshi ya ciyar da mu goma sha wani abu a tukunya ɗaya, kuma shi ne ya fara barin ƴan gawo suna tashi cikin shuka lokacin da kowa ke sassabe su, ana yi mashi ba'a wai yana noman itace.

La'asar sakaliya muka shiga gari. Mata ne, da yara, da tsofaffi. Majiya ƙarfi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wasu na Aljeriya, wasu wajen haƙar zinariya, wasu Libiya. Cikin ƴaƴan Baffa maza huɗu Lawali kaɗai ya rage a gida, ɗayansu ma shekara biyu ke nan ba a ji muryarshi ba. Rumbunan gidanmu uku ne, biyu sun zube ba a tayar ba. Na shiga ɗakin Inna, matar Baffa, tana takaba a kan tabarma. Na yi tsammanin za ta yi mani faɗa. Sai ta kama kaina ta ce, "Ka rame. Aikin ne?" Da faɗan ta yi da ya fi mani sauƙi.

Washegari da hantsi aka yi addu'a a ƙofar gida, aka raba gumba da waina. Cikin waɗanda suka zo akwai Umaru, wani dattijon Bafillace, aminin Baffa. Shekaru da dama shi ke sauke shanunshi a gandunmu bayan kaka, su ci kara su bar taki, Baffa ya ba shi dammunan hatsi, matarshi ta cika mu da nono. Na tambaye shi shanu. Ya ce waɗanda na gani a bayan gari na wani ɗan kasuwa ne, kiwo yake yi mashi, nashi sun ƙare. Ya ce, "Ni da Nomau ba mu taɓa zuwa gaban mai gari ba. Yanzu kara ma tara shi ake a saida." Ya sha furarshi ya tafi, bai jira tuwo ba.

Da jama'a suka watse Inna ta kira ni, ta ba ni labarin ƙarshen Baffa. Ta ce shekarun nan bai daina fita da rani ba, ya saɓa adaka, kare na biye da shi, ya yini yana zagaya gonakin mutane ya dawo hannu wofi. Abu na ƙarshe da ya kawo gida bushiya ce, ya ajiye ta a tsakar gida ya shige ɗaki. Da damina ta faɗi ya yi shuka sau uku, ruwa na ɗaukewa. Wajen maimai, noma na biyu, ya faɗi cikin gona, hauya a hannu. Aka kai shi likita a Tchaké cikin amalanke, aka dawo da shi, ya yi ta jinya har hatsi ya fara fitar da kai.

"Ya yi ta cigiyarka," in ji ta. "Kullum sai ya ce, ɗan lakwal bai zo ba? Mu ce yana tafe."

Na san da haka. Sau biyu Lawali ya kira ni, sau biyu na ce sai an gama jarrabawar da nake tsarewa wajen aiki.

Sannan ta faɗi abin da ya sa ta kira ni. An raba gandu tsakanin magada takwas. Lawali ya samu gefen da gawo suke, kuma ya riga ya yi magana da wani mai kuɗi a Mayahi zai sayar, ya tafi arewa wajen zinariya. "Kunyarka yake ji," ta ce. "Ka yi mashi magana. In ya tafi, wa zai rufe ni?"

Na same shi a gonar da yamma. Sa'ana ne, amma in ka gan mu tare sai ka ce ya ba ni shekara goma sha biyar. Ya zagaya da ni ya nuna mani iyakoki. Rabon kowa ɗan siriri ne, in ka tsaya wannan gefe ka yi magana a hankali na wancan gefen zai ji ka. Ƙasar ta yi fari fat, ƙuduji ya cinye rabin shukar. Gawon Baffa suna nan, manya, sun fara fitar da sabon ganye.

Na fara jawabin da na shirya. Na ce ƙasa ba a sayar da ita, na ce Baffa ba zai so ba, na ce ya dubi Inna. Ya bar ni har na gama.

"Dami goma sha ɗaya na samu bana," ya ce. "Ƴaƴana bakwai, ga Inna, ga matan ƙannena biyu da ɗiyansu. Kai da ka yi lakwal, raba muna, ka gaya mani watan da za mu kai."

Na ce zan riƙa aikowa duk wata.

"Ka aiko, Allah shi saka. Wata nawa za ka yi? Kai ma kana da naka." Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya sake ta. "Ba ni jin haushinka, wallahi. Amma ranar nan kai anka ba lakwal, ni anka ba gona. Shekara talatin ina riƙe da rabona. Ga shi nan, dube shi."

Na tambaye shi itatuwan fa. Ya ce mai sayen ya riga ya kawo masu sassaƙa turmi sun duba.

Na ɗaga kai na dubi gawon. Muka tsaya har rana ta yi ja, muka komo gida yana gaba ina baya, kamar yadda muke bin Baffa da. Inna ta dubi fuskata ba ta tambaye ni yadda muka yi ba.

Da safe muka yi shirin komowa. Yaya ta ce za ta ƙara mako guda. Na je kabarin Baffa, Lawali ya nuna mani shi, tudun rairayi da ƙaya a kai don kada awaki su taka. Na yi addu'a, na nemi gafararshi da ƙarfi, a gaban ɗanshi. Da na shiga sallama da Inna sai ta sa aka sauko da wani ƙulli daga rufin ɗaki. Zangarnun hatsi ne dogaye, irin zango, waɗanda Baffa ke zaɓa da hannunshi kowace kaka ya ajiye don iri, tun daga na ubanshi. Waɗannan na bara ne, ragowar shuka ukun da ya yi. Na ce ta bar wa Lawali.

"Ina zai shuka?" ta ce. "Tafi da shi. In ya zauna nan, yunwa za ta sa mu daka shi."

Muka biyo ta Mayahi muka fito Cadawa. Motar ba ta kafe ko sau ɗaya ba, abokina ya yi ta jiran in yaba mata, ban iya ba. Ana kiran magariba muka shiga Maraɗi.

Abin da tafiyar nan ta koya mani ba mai daɗi ba ne. Na tafi ina zaton mutum ɗaya muka rasa, na tarar har da dajin da ya yi farauta, da ƙasar da ya noma, da gidan da ya tara, duk suna bin shi, kuma ba wanda ya yi mugunta cikin waɗanda na gani. Na koyi cewa mu da aka fitar aka ba karatu mun iya ba da shawara, amma ba mu da amsar dami goma sha ɗaya. In kana da tsoho a ƙauye yana cigiyarka, ka ajiye abin da kake yi ka tafi. Ni sau biyu aka kira ni.

Jiya Lawali ya bugo waya ya ce an gama ciniki, ranar kasuwa zai hau mota. Irin Baffa yana rataye a ƙusa cikin ɗakina. Gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti ne.