Waƙar da Hala Ba'indiya Ta Ba Ƙanwata

Duk lokacin da tsohon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya fara gurnaninsa da rana tsaka, wannan ƙara guda da ba ta hawa ba ta sauka, sai in gan ni a hawa na uku na gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka, zaune a gaban wata tsohuwa Ba'indiya. Wani ɗan akwatin katako gare ta, tana matsa shi da hannu ɗaya yana fitar da irin wannan sauti, ita kuma tana ɗora muryarta a kai.

Hala muke ce mata, kamar yadda yaran Makka ke kiran kowace babbar mace. Daga kudancin Indiya ɗanta ya kawo ta, shi yana aiki a kantin magani. Musulma ce, amma gidansu gidan mabusa ne tun kakanni, a nan ta koyi waƙar gargajiyar ƙasarsu. Ɗakinta kullum ƙamshin man kwakwa da kori yake yi.

Ina so ku sani, ni na fara gano ta. Kakata, wadda ta zo hajji daga Kano ta zauna, ita ke aikena da masa ranar Juma'a, Hala kuma ta maido kwanon da irin wainarsu mai ɗan tsami. Ina da shekara goma sha biyu ta zaunar da ni, ta ce in bi bakinta: sa, ri, ga, ma, pa, da, ni. Hutun makaranta gaba ɗaya, cikin zafin nan da ko tantabarun taga ba sa motsi, ina hawa ina sauka a kan matakan muryar nan bakwai, ina buga cinya da tafi don riƙe lokaci.

Idan muka gaji sai ta ba ni labarin waɗanda suka tsara waƙoƙin, da Larabcinta mai gargada. Akwai wani bawan Allah na garinsu da ya ƙare rayuwarsa yana begen Annabi. Akwai kuma waɗanda ba Musulmi ba, ba ta ɓoye mini ba. Ɗayansu sarki ya aiko ya zo fada ya yi masa waƙa, ya ƙi, ya ce muryarsa ta abin bautarsa ce. "Karinsu nake ɗauka," in ji ta, "kalmomin in bar musu."

Wata la'asar ƙanwata ta hawo kirana, shekararta tara. Tana tsaye a bakin ƙofa da silifas ƙafa ɗaya, sai ta rera wata lanƙwasa da na yi mako uku ina fama da ita. Hannun Hala ya tsaya a kan akwatin. Yadda ta kalli yarinyar nan, ni ba ta taɓa kallona haka ba.

Kafin wata ya zagayo Hala ta ba ta waƙar begen nan sukutum, ni kuwa ina nan kan matakai. In suna yi, tsohuwar har hawaye take, ni ina gefe ina buga cinya ana ce mini in rage sauri. Abinci ya daina mini daɗi. Ƙanwata na wanke-wanke tana rerawa, ni ina jin kamar in toshe mata baki da soso.

Sai na sami Baba ya dawo daga masallaci, na ce masa waƙoƙin gumaka ake koya mata a sama. Na san ƙarya ce. Bai yi faɗa ba, ya dai ce daga yau kada wadda ta sake hawa.

Kaka ce ta ɗauki sandarta ta hau benen da kanta, ta saurara, ta sauko tana haki. Ta ce wa Baba yabon Manzo ne da wani bakin, amma shi ya riga ya yanke. Da ta same ni ni kaɗai sai ta ce, "Ke 'yar nan, kin hana ta, to ke kin samu?" Bayan hajjin shekarar iƙamar ɗan Hala, takardar zamansa a ƙasar, ta ƙare, suka koma. Ba mu ko yi sallama ba.

Yau an rushe gidan. Koyon waƙa, da a wancan lokaci sai a ɓoye, yanzu ana buɗe masa makarantu a ƙasar nan, ni kuma na haura arba'in ina koyo ta waya wurin wata malama a Indiya. A nan na ji waƙoƙin mutanen nan da Hala ke ba ni labarinsu, da fassararsu, na gane kuka suke wa abin da suke so.

Ƙanwata na Jidda, 'ya'yanta Larabci suke, ta ce ta manta komai. Bara na kira ta na rera mata begen, sannan na daure na faɗa mata ni na kai magana wurin Baba. Ta ce, "Yaya, ai tun ranar na sani. Amma a baiti na biyu kin ɗan sauka." Ta rera shi sau ɗaya, daidai, bayan shekara talatin. Na ce mata sannu, na kashe wayar, raina na suya kamar ina 'yar sha biyu.