Farin Goron Hansai

Duk wanda ya zauna Agege a shekarun bayan yaƙin basasa ya ce bai san Hansai ba, to bai taɓa leƙa rumfar goro ba. Ni Talatu tabarma ɗaya muka yi ta zama da ita, gwiwa na gugar gwiwa, muna wanke goron Alhaji Talle muna tsince shi kafin a ɗaure huhu a kai tashar jirgi. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

'Yar Gezawa ce. Ta zo Ikko da mijinta jim kaɗan bayan samun mulkin kai, mota ta kaɗe shi a hanyar Abeokuta, ya bar ta babu ɗa babu jika. Dangi suka aiko ta koma gida, ta ce ba za ta je ta zama kaya a tsakar gidan yayanta ba alhali tana da hannu biyu. Alhaji Talle ya ba ta ɗaki a bayan rumfa, ya ba ta aiki. Aikin kuwa ta iya shi. Sankara, ƙwaron nan da ke cinye goro ta ciki ya bar wajensa sumul, Hansai da ɗan yatsa take gane shi, tana hira ba ta ko duba ba. Ga son kwalliya. Ko rijiya za ta sai ta rambaɗa kwalli, haƙoran nan kuwa kullum jajur da fure da goro. Mukan tsokane ta mu ce wa ake yi wa, ta ce, "Ni nake yi wa, ko ni ba mutum ba ce?"

A shekarar da aka koma tuƙin mota ta hannun dama abin ya faru. Da rana tsaka aka aike ta ta kai kwandon goro wani sito a bakin tasha. Mai riƙe da makullin siton, wani matashi ana ce masa Shitu, ya ce ta shigar da kwandon can ciki, ya mayar da ƙofa ya rufe. Sauran ba zan faɗa ba, kowa ya gane. Ta dawo ta shiga bayi ta yi wanka, ta wanke zaninta, ta yi sallar azahar, sannan ta kira ni ɗaki ta faɗa mini. Babu wadda ta sani a cikinmu cewa wankan nan zai zama laifi.

Dattawan zango suka ce a rufa asiri. Hansai ta ce asirin wa? Ta ɗauki mayafinta ta tafi wurin 'yan sanda da ƙafarta, ni ina biye da ita.

Aka daɗe ana kai-kawo kafin a shiga kotu. Jojin wani gajeren mutum ne mai son a yi masa dariya, irin waɗanda in sun faɗi magana sai sun waiga sun ga ko ta shiga. Turanci yake yi, Malam Ladan tafinta yana juya mana. Malam Ladan ɗan unguwarmu ne, sahu ɗaya yake sallah da mazajenmu, kuma ya rantse zai faɗi duk abin da aka faɗa ba ragi. Tun daga tambayar farko na ga ya sunkuyar da kai.

"Ya ce me mace marar miji take yi a Ikko? Garinku ƙonewa ya yi?"

"Ranka ya daɗe, aiki nake yi."

"Ya ce in da gaske ne, me ya sa kika yi wanka kafin ki je wurin 'yan sanda?"

"Ranka ya daɗe, azahar ce ta yi."

Joji ya faɗi wata magana, kotu ta kwashe da dariya. Sai da aka daka wa Malam Ladan tsawa sannan ya juya mana.

"Ya ce ki cire mayafinki. Ya ce yana so ya ga abin da ya ruɗi yaron."

Ta dube ni, na dube ta. Ga ɗan sanda a gefe, ga mazan zango cike da benci. Ta cire. Ya ce ta juya, ta juya. Ya ce ta buɗe baki a ga haƙoran. Sannan ya ce mace mai shekarunta da ke shafe-shafe haka, in saurayi ya rufe ƙofa da ita, godiya ya kamata ta yi ba ƙara ba. Malam Ladan ya faɗi wannan da Hausa, kalma bayan kalma, hawaye na bin gemunsa. Wallahi har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa. Aka sallami Shitu tun kafin la'asar.

Daga ranar ta shiga tsakanin kura da siyaki. Agege ba ta zaunuwa, don 'yan kamasho da direbobin motocin bolekaja sun samu waƙa, in ta wuce sai ka ji an ce, "Juya mu gani!" Gezawa kuma ba ta komuwa, don labarin ya riga ta shiga jirgi tare da fataken goro, har yayanta ya aiko cewa ta zauna inda take. Ɗakin ma da take kwana na Alhaji Talle ne, shi kuwa ya fara cewa maganar tana ɓata masa ciniki.

Abin da ya ba ni mamaki, ba ta cika ambaton Shitu ba. Ta ce ta bar shi da Allah. Jojin ne ya tsaya mata a maƙogwaro.

"Talatu, shi wancan ai sai da ya rufe ƙofa, ya san abin kunya yake yi. Wannan kuwa a gaban jama'a, a kan kujera, ana ce masa ranka ya daɗe. Shi babu mai tambayarsa?"

Na ce, "Yaya Hansai, wa zai yi wa joji shari'a?"

Ashe akwai. Wata Bayarabiya ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, muna kiranta Sisi, tana cikin kotun ranar, kuma abin ya ƙona mata rai. Ta biyo mu har rumfa da 'yar Hausarta ta kasuwa, ta ce jojin ma yana da oga, kuma akwai ofishin da ake kai kukan alƙalai. Ta ce ba Hansai ce ta farko da ya yi wa haka ba, sauran dai tsoro ya hana su. Ta yi ta zirga-zirga har aka sa mana rana a gaban wani babban jami'i. Malam Ladan ya ce ko zai rasa aikinsa zai maimaita abin da bakinsa ya faɗa. Sisi ta ce mu zo da wuri, mu faɗi gaskiya, shi ke nan. Ba ta ƙara komai ba, don bai zo mata a rai ba akwai abin ƙarawa.

Mu kuwa a wurinmu akwai. Ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Ko wurin Sarkin Hausawa za ka kai kuka, sai ka ajiye goron gaisuwa tukuna, ba don ka saye shi ba, don a san kai ɗan mutane ne. Hansai da aka tsayar a gaban jama'a aka mayar da ita 'yar tasha, babu abin da take so kamar wannan babban mutum ya san ita 'yar mutane ce. Ta zauna ta zaɓi farin goro ƙwarya guda, manya-manya, ta juya kowane ɗaya a hannunta, ta jera su a sabon ganye ta yayyafa ruwa. Ban taɓa ganin goro mai kyan wannan ba. Alhaji Talle da kansa ya duba ya ce madalla, haka ake yi. Ranar har kwalli ta sa, karon farko tun da aka fito kotu.

Sisi ta ga ƙunshin a cikin molue, motar hayar da muka shiga, ta ɗauka guzurinmu ne. Muka shiga ofis mai sanyi kamar randa, jami'in yana zaune bayan wani ƙaton tebur. Kafin kowa ya buɗe baki Hansai ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙe ta ajiye goron a gabansa da hannu biyu. Na ji Sisi ta ja numfashi.

Mutumin ya ɗaga ganyen da bakin alƙalami ya leƙa. Dama mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki, don daga baya muka ji makaranta ɗaya suka yi da jojin. Ya kira sakatarensa ya shaida, ya ce matar da ta zo ƙarar alƙali ta kawo masa cin hanci. Sisi ta tashi tana rantsuwa al'ada ce, gaisuwa ce kawai, shi ma ya sani tunda a ƙasar nan aka haife shi. Ya ce ya sani, shi ya sa ba zai sa a kama ta ba. Amma maganar ta mutu a nan, kuma in ta sake dawowa ɗaurin da ta tsallake yana jiran ta. Malam Ladan ko tambayarsa ba a yi ba, sai fassarar korar da aka yi mana ya yi.

Goron kuwa aka ce shaida ne, ba a mayarwa. Muna tsaye a baranda Sisi na kuka, sai ga masinjan ofishin ya fito kumatu cike, yana miƙa wa mai gadi ɓari.

Jojin ya ci gaba da zamansa, an ce har ƙarin girma ya samu. Hansai ta koma tabarmarmu, don babu inda za ta. Ba ta ƙara sa kwalli ba, ta daina fure, mayafin nan kuwa ko zafi zai kashe ta ba ta sauke shi, har a cikinmu mata. Na yi mata bayani, Sisi ta yi mata, Malam Ladan ya yi mata, cewa da goro da babu goro mutumin ba zai saurare ta ba. Takan ce to, amma ba ta shige ta ba. A duniyar da ta sani, babba ba ya wulaƙanta gaisuwa sai in gaisuwar ce da aibu.

Matar da 'yan sanda da joji suka kasa sa ta ce ita ce da laifi, ita ce ta koma tana lalube a jikinta. Shekaru bayan haka, tana kwance cikin ciwon da ya zama ajalinta, ina ba ta kunu, ta riƙe hannuna.

"Talatu, ke ma kin duba goron nan, ko?"

Na ce na duba.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ko akwai mai sankara a ciki ban gani ba?"