Shida da Ɗan Ƙari

A unguwarmu ta Tsafe, in baƙo ya tambayi gidanmu da sunan mahaifina sai a tsaya tunani, amma in ya ce gidan mai faifai, ko akuya ta san hanya. Mai faifan ita ce Inna Rabi, kakata ta wajen uba, 'yar Kwatarkwashi da aure ya kawo Tsafe tun tana yarinya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa mahaifina bai taɓa iya kiran sunana ba. Inna Ƙarama yake ce mini, ita kuwa tsohuwar ba ta da abin kirana sai Takwara.

Da an gama kaka sanyi ya fara shigowa, ana idar da sallar magariba za mu cika ɗakinta, mu jikoki bakwai. Ta hura wuta da karan dawa, ta watsa mana gyaɗa a toka, ta jawo kabarta da aka rina ja da kore da baƙi, ta ɗauki basilla. Ban taɓa ganin ta ba da tatsuniya hannu sake ba. Baki na magana, yatsu na ɗinki, kuma ko kallon aikin ba ta yi. In yaro ya fara gyangyaɗi, da gindin basillar nan take tashinsa.

Shekarar da nake aji shida na shiga wani hali. Ana zaɓen waɗanda za su zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata a Gusau, ni kuwa babu abin da nake so a duniya kamar makarantar nan. Matsalata ɗaya ce, lissafi. Na sha bulala a kan haddar shida sau shida har tafin hannuna ya saba. Rannan malamin lissafinmu ya riƙe takardata a gaban aji ya ce saura mako biyu ya yi gwajin ƙarshe ya rufe sunaye, amma ni kada in wahalar da kaina, kaina ba na lissafi ba ne, gara in koma gida in taya kakata ɗinkin faifai. Aji ya kwashe da dariya. Ban gaya wa kowa ba, na dai zo na zauna bakin wuta da yamma kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Inna ta dube ni sau ɗaya. Ta gyara zama ta ce, “Ga wata nan ta gangaro daga kan dutse.”

Muka amsa yadda ta koya mana: “Ta ƙaraso, mun share mata wuri.”

Ta ce wai a wata shekara Sarkin ƙwari ya hango yunwa tafe. Ya kira Zanzaro da Ƙudan Zuma, ya auna wa kowa kayan gini mudu guda, ba ƙari, ya ce kowa ya je ya gina rumbunan da za su ɗauki abincin iyalinsa. Zanzaro mai rawar kai ko zama bai yi ba. Ya shiga gina tulu-tulu masu kyan gani, kowanne da bangonsa, kowanne can gefe guda. Kafin rana ta faɗi kayansa sun ƙare a rumbu na biyar, ya hau kansu yana waƙa.

Zuma kuwa kwana uku ba ta aza komai ba. Tana durƙushe tana zane a ƙasa tana sharewa, Zanzaro na wucewa yana mata ba'a, wai malama ta buɗe makaranta. Ta zana ɗaki zagayayye a tsakiya, ta jera masa 'yan'uwa masu girmansa a kewaye, ta ga akwai 'yan ramuka a tsakaninsu da ba su ɗaukar ko ƙwayar gero, ga shi kowane ɗaki ya ci bangonsa shi kaɗai. Sai ta matsa su, ta ƙara matsawa, har bango ya haɗu da bango ya zama ɗaya. Ramukan suka ɓace, kowane ɗaki ya fito da kusurwa shida, kowane bango kuma yana yi wa ɗaki biyu aiki. Da mudun nan guda ta gina ɗakunan da ba su ƙirguwa. Yunwa ta zo, Zuma da 'ya'yanta suka ci har suka bar wa mutane saura. Zanzaro kuwa ya ɗaure cikinsa da igiya, kullum yana ƙara tamkewa, shi ya sa har gobe ƙugunsa yake kamar zare.

Inna ta ce tatsuniya ta koma kan dutse inda ta fito, sannan ta zazzage mana gwangwanayen madara da take zuba rini a ciki, ta ce mu sa ɗaya a tsakiya mu ga nawa za su kewaye shi. Yayana Sani ya rantse bakwai za su shiga. Ya tura, ya danna, ya yi gumi, na bakwai ya ƙi. Muka cire ɗaya ya zama biyar, sai ga ƙofa a buɗe. Shida ne cif, ko wa ya jera.

Da sauran suka tafi cin tuwo sai ta riƙe mini zane. Nan na fashe da kuka na gaya mata komai, har maganar faifan. Wallahi ban taɓa ganin ran Inna ya ɓaci haka ba. Ta soke basilla a tabarma.

“Mi yac ce? Ki taya ni ɗinkin faifai? To, ya yi gaskiya, gobe za ki fara. Mu gani ko wanga aiki na marasa kai ne.”

Washegari da na dawo makaranta ta ba ni ciyawa da kaba da tsohuwar basilla, ta nuna mini yadda ake naɗa cibiya, daga nan ta juya mini baya. Na yi zagayen farko da ɗinki shida kamar yadda na ga tana yi. Na biyu ma na yi ta ja har na kai, na uku haka, ban ƙirga komai ba, ina dai sauri in nuna mata na iya. Kwana biyu ina fama. Abin da ya fito ba faifai ba ne, ya lanƙwashe ya tashi kamar ƙoƙo. Inna ta kifa shi a kaina ta ce na yi wa kaina hula, ta yi dariya har da hawaye. Na ji haushi sosai. Ta ce in ɗauko nata in ƙirga, kada in sake taɓa basilla sai na gano abin da na yi wa ciyawar mutane.

Na zauna bakin ƙofa ina bin ɗinkin da farce. Zagayen farko shida. Na biyu goma sha biyu. Na uku goma sha takwas. Kafin in taɓa na huɗu bakina ya riga ya ce ashirin da huɗu. Ashe haddar nan da ake dukana a kanta ita ce kwance a hannuna, ja da kore, kuma kullum da ita nake rufe tuwo. Kowane zagaye ya fi na cikinsa tsawo, dole a ƙara masa shida. In ka rage, faifai ya tashi ƙoƙo. In ka zarce, ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen kabewa.

Amma can wajen baki sai lissafin ya riƙa zarcewa da ɗaya, can kuma da biyu. Na ruga na ce mata na kama ta da kuskure. Ta harare ni.

“Kuskure a gidanku. Shida ne da ɗan ƙari, Takwara. Bayan zagaye ukku ko huɗu sai ki saci ɗinki guda ki ɓoye cikin fari. Ɗan ƙarin nan ba ya ƙirguwa, hannu ka sanin shi.”

Sauran kwanakin duk a bakin wutar nan na yi su. Tana ba da tatsuniya tana jefo mini tambaya a tsakiya: ɗinki arba'in da takwas, tsinin ado shida, kowanne nawa zai ci? In launi uku ne fa? In na yi jinkiri, gindin basilla. Ranar gwaji da malam ya cika allo da lambobi, ni zagaye kawai nake gani. Da ya gama dubawa ya kira ni ya sa na sake yin uku a gabansa, don bai yarda ba. Na yi. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya rubuta sunana na huɗu a jerin.

Inna ba ta bar maganar nan ba. Ta yafa mayafinta ta taka har makaranta da sabon faifai mai tsini shida, ta gaida malam da ladabi, ta miƙa masa ta ce a kai wa uwargida a rufe abinci, aikin marasa kan lissafi ne. Bawan Allah ya cire hula ya sosa kai, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ina laɓe a bayan taga, ji nake kamar in tashi sama don alfahari.

Na shiga makarantar Gusau, daga can na wuce jami'a, lissafin kuma na karanta. A can aka koya mana cewa tsawon kewayen da'ira ninki shida ne da ɗan ƙari na nisan cibiya zuwa baki, kuma ɗan ƙarin nan lamba ce da ba ta da ƙarshe, babu wanda ya taɓa rubuta ta duka. A can kuma na ji cewa masana sun daɗe ƙwarai kafin su tabbatar a rubuce cewa ɗaki mai kusurwa shida ya fi kowanne tattalin bango. Ina zaune a aji ina murmushi ni kaɗai, har ta kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya.

Yau shekarata goma sha ina koyar da lissafi a Gusau, kuma ƙoƙon nan nawa na farko yana kan teburina. Da ina ɗauka tatsuniyar Zuma wa'azi ce a kan haƙuri kafin a fara aiki. Yanzu na gane Inna gaya mini take yi cewa lissafi ba baƙo ba ne da ya zo mana a mota. Yana cikin amyar zuma, yana cikin rumbu, yana cikin kitson da ake raba kai gida-gida, yana hannun matan da ba su taɓa riƙe alli ba. Duk yarinyar da ta ce mini kanta ba na lissafi ba ne, tambayar farko da nake mata ita ce sana'ar da ake yi a gidansu.

Ranar da na kawo takardar digirina Tsafe, idon Inna ya riga ya tafi, amma basilla na hannunta. Na zauna kusa da ita na ba ta labarin shida da ɗan ƙari, da na masanan da suka sha wahala a kan ɗakin Zuma. Ta taɓe baki ta ce sai yanzu suka gane, da sun zo Tsafe ai da ta rage musu hanya. Sannan ta karɓi takardar ta shafa ta ciki da baya, ta ce aikin ba shi da ado ko kaɗan.

“Sunan wa anka rubuta?”

Na ce, “Rabi.”

Ta ɗora takardar a cinyarta, ta rufe ta da faifan da take ɗinkawa. “To, ba su yi kuskure ba,” in ji ta.