Hukuncin da Baba ya yanke a filin jar ƙasa

Yau shekara biyar ke nan da muka binne mahaifina, Malam Isiyaku, a nan Doha, nesa da garin da ya haife shi. Duk shekara idan wannan rana ta zagayo nakan ɗauki alƙalami, in ajiye. Bana na ce sai na rubuta.

Matasan garinmu ba su san an taɓa yin gasar tanis ta ƙasa da ƙasa a bayan tsohon kulob ba. Kowace shekara, bayan ɗaukewar damina, 'yan wasa kan zo daga ƙasashe masu nisa su yi mako guda suna fafatawa. Filin ba na siminti ba ne. Jan bulo ake dakawa ya zama gari, a shimfiɗa, a yayyafa ruwa, a daddaɓe. Ina ƙarama nakan zaci an kwaso faɗuwar rana ne an zuba a ƙasa. Fararen kayan 'yan wasa kan koma ja kafin la'asar, kuma ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan har yau ban shaƙi irinsa ba.

Baba mai duba layi ne. Aikinsa ya tsaya a ƙarshen fili ya faɗi ko ƙwallo ta faɗa ciki ko waje. A jar ƙasa ƙwallo tana barin sawu duk inda ta dira, don haka idan gardama ta tashi, alƙalin wasa yakan sauko daga doguwar kujerarsa, mai duba layi ya nuna masa sawun, a yanke hukunci.

Ina da shekara bakwai aka yi wasan da ya canza mana rayuwa. A karon farko ɗan garinmu, wani saurayi mai suna Sabo, ya kai wasan ƙarshe, zai kara da wani baƙo. Har masu shaguna sun rufe sun zo kallo. A bugun da zai raba gardama, Sabo ya narka ƙwallo ta dira a bakin layi, Baba ya miƙa hannu ya ce waje. Alƙali ya sauko, Baba ya nuna masa sawun, ya tabbatar. Baƙo ya ɗauki kofi.

Kafin magariba gari ya gama yanke nasa hukuncin: wai tsohon sawu Baba ya nuna, ba na wannan bugun ba. Sabo bai ce uffan ba. Bayan shekara biyu masu ɗaukar nauyin gasar suka janye, ciyawa ta cinye filin, daga baya aka mayar da shi wurin ajiye motoci. Dalilan mutuwar gasar suna da yawa, amma mutane sun fi son dalili mai fuska da suna. Aka riƙa cewa Isiyaku ne ya kashe wa gari zuciya. A makaranta ana ce mini 'yar mai waje.

Da zaman ya gagara, Baba ya samu aikin gadi a Doha. Shekaru bayan haka ni ma na samu tallafin karatu na zo. Ran Juma'a bayan masallaci nakan same shi a wani ɗan gidan abinci a unguwar Najma, kusa da ɗakin da suke haya su shida. Abokan zamansa sukan tsokane shi: "Baba mai layi, wannan shayin ciki ne ko waje?" Sai ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce, "Waje ne, Ɗanladi, ko kakarka ta san waje ne."

A irin wannan zama ne na yi abin da ya hana ni rubutu shekara biyar. Na dube shi cikin kakin gadi, ƙafafunsa sun kumbura saboda tsayuwa, na ce, "Baba, da ka yi shiru ranar nan, da yanzu kana gida. Kuma ma ka tabbata sawun da ka nuna shi ne?"

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya ce, "Uwata, har da ke?" Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Bai ƙara komai ba sai, "Shi ke nan, sha shayinki kar ya huce."

Magana zarar bunu ce. Na yi ta cewa Juma'a mai zuwa zan ba shi haƙuri, sai jarrabawa ta shigo, sai rubutun bincike. Wata huɗu bayan haka ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, bai kwana uku a asibiti ba.

Bara wata ƙawata ta ja ni kallon tanis a nan. Filin shuɗi ne, mai tauri, ƙwallo ba ta barin komai a kansa. Na'ura ce ke faɗin ciki ko waje, a nuna a babban allo, jama'a su tafa, a wuce. Na zauna ina tunanin me Baba zai ce. Wataƙila ya yi dariya ya ce na'ura ta huta, ba ta da maƙwabta, ba ta da 'ya a makaranta. Wataƙila kuma ya tausaya mata, domin gaskiyar da ba ta jawo wa mai faɗinta asarar komai, ban san ko zai kira ta gaskiya ba.

Tun ranar sadakar bakwai ta Baba, shekara biyar da suka wuce, wani saƙon murya ya shigo wayata daga gida. Sabo ne, muryarsa ta tsufa. Bayan ta'aziyya ya ce, "'Yata, ƙwallon nan waje ta faɗa. Na gani tun kafin ya ɗaga hannu. Daɗin da na ji ana cewa an zalunce ni shi ya rufe mini baki. In kin ga dama ki gaya wa duniya."

Ban gaya wa kowa ba, sai mahaifiyata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na san ba zan iya bayyana shirun Sabo ba sai na bayyana tambayar da na yi a Najma. Shi daɗin bakin gari ya ji. Ni kuwa a gidan Baba na tashi, ban taɓa kama shi da ƙarya ko ta wasa ba, amma na saurari gari.

Gasar ba za ta dawo ba. Baba bai bar gida ko gona ba, ko hoton filin ba mu da shi. Abin da ya bari shi ne sunansa, kuma a gurɓace ya tafi ya bar shi. Don haka ga saƙona ga mutanen garinmu, waɗanda suka kalli wasan da waɗanda suka gaji labarin: ƙwallon Sabo waje ta faɗa. Malam Isiyaku ya gani daidai, ya faɗa daidai, ya mutu bai ji ko mutum ɗaya ya ce masa haka ba, har da 'yarsa.

Allah ya jiƙanka, Baba. Na yarda da kai.