Fukahori da Murhun Yaya Tsuya

Ni da Fukahori benci ɗaya muka zauna a makarantar Mishan ta unguwarmu a Nagasaki, shekara shida cur. Ni na iya Latin, shi kuwa har muka fita bai haddace addu'a ɗaya daidai ba. Amma in ƙararrawar coci ta maƙale, shi Fada, limamin cocin, ke aika wa. Daga nan ya shiga gyaran murhun gas, ya yi shekara arba'in da huɗu yana hawan matakalan tudunmu da akwatin kayan aiki a kafaɗa. Abokan aikinsa sukan yi masa dariya, don ba ya buɗe akwatin sai ya ji abin da aka dafa a gidan.

Bara, cikin watan Oktoba, murhun yayata Tsuya ya fara mutuwa da kansa. Shekarunta tamanin da ɗaya, ita kaɗai take zaune tun rasuwar mijinta. Murhunan yanzu duk suna da wani ɗan ƙarfe kamar maɓalli a tsakiyar wuta, da sifirin a ƙarƙashinsa. Shi ke tokare gindin tukunya yana jin zafinta. In ruwa ya ƙone, sai ya yi ƙara ya kashe wutar. Ɗan Tsuya, Noboru, ya zo daga Fukuoka, ya ji ƙarar nan sau uku cikin kwana biyu, ya ce uwarsa ta fara mance tukunya a kan wuta. Ya samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi, za a sa hannu ranar Litinin. Abin da ya fi damuna, ita ma ta fara yarda.

Ranar Asabar na kira Fukahori, ko da yake ya daɗe da ajiye aiki. Ya hau matakala ɗari da goma sha biyu, ya zauna a bakin ƙofa yana haki.

"Ɗan Latin," ya ce da ni, "ka karanta wa murhun addu'a bai ji ba?"

Sannan ya juya wajen Tsuya. "Yaya, me kika dafa makon da abin ya fara?"

"Kifi."

"Sukari nawa?"

"Yadda ake sawa."

"Wato rabin buhu ke nan."

Bai yi ƙarya ba. A garinmu, in romon kifi bai yi zaƙi ba, rowa ake kiransa.

Noboru ya ce, "Baba, ba girki aka kira ka koya ba. Murhun nan shekararsa uku kacal. Aikinsa yake yi."

Fukahori ya nufi murhun. Ya cika tukunya da ruwan sanyi, ya ɗora, ya kunna, ya ce in duba agogona. Minti huɗu da daƙiƙa goma, murhun ya yi ƙara, wuta ta mutu.

"Sa yatsanka ciki, Noboru."

Ya sa. Ruwan ɗumi kawai ya yi.

"To, wa ya mance wannan? Mu huɗu muna tsaye a kanta."

Da ƙarfen ya huce, ya danna maɓallin da ɗan yatsa. Ko motsi bai yi ba, ya nutse ƙasa ya daskare. Romon da ya taɓa zubowa ya bushe a wuyansa kamar gam. Tunda ba ya kai wa gindin tukunya, harshen wuta yake ji kai tsaye, sai ya ɗauka tukunya ta ƙone.

Fukahori ya dubi murhun, ko'ina yana ƙyalli. "Yaya, kin goge har bayansa. Wurin maɓallin nan fa, me ya yi miki?"

"Wanda ya kawo shi ya ce wurin ba ya son wasa. Shekara uku ban taɓa shi ba."

"Ba bagaden coci ba ne. Kawo tsohon buroshin haƙori."

Da buroshin da tsumma mai ruwan ɗumi ya yi ta bin wuyan maɓallin a hankali, har ya danna ya ga ya taso da kansa. Ya sake ɗora ruwa, ya tafasa minti ashirin ba ƙara. Bai tsaya nan ba. Ya rage ruwan ya bar shi ya ƙone da gangan, murhun kuwa ya kashe kansa daidai lokacin da ya kamata.

Noboru ya ce, "Matakalan nan fa ba su ragu ba."

"Wannan ba sana'ata ba ce," in ji Fukahori. "In za ka ɗauke ta saboda matakala, ka ce saboda matakala. Kanta dai lafiya lau."

Tsuya ta ɗauko kifi ta fara fere citta. "Matakala ni na san su," ta ce. "Noboru, ka buga wa gidan tsofaffin waya ka ce ba na zuwa."

Ya buga a gabanmu. Har yau tana gidanta, kuma duk Lahadi in ta dawo daga coci sai ta danna maɓallin nan sau biyu kafin ta ɗora tukunya. Fukahori ya ci kifin, ya ce sukarin ya yi kaɗan, ya saɓa akwatinsa da bai buɗe ba, muka gangara tare.