Motar da ke jiran addu'a

Jama'a, yau na gyara mota an ce in sake ɓata ta!

Kafilina, wato tsohon Balaraben da nake wa aiki a unguwar Nasim, yana da tsohuwar mota mai giyar dannawa. In ya danna ribas, takan daɗe kafin ta ja. Ɗazu na shiga ƙarƙashinta na daidaita wayar giyar.

Tsoho ya hau, ya danna, ya ɗaga hannuwa zai yi addu'ar hawa mota. Sai ta zabura baya! Saura ƙiris ta daki get!

Ya taka birki: "La haula! Sani, me ka yi?"

Na ce, "Ammi," wato kawu, "gyara na yi."

Ya ce, "Ai da jira take in shafa! Mayar da ita!"

Ga ni ƙasa da sufana, shi yana dariya yana zuba mini gahawa.