Tulun Malam Lawan

Duk Gyaɗi-Gyaɗi an san Malam Lawan da abu biyu: tura keken marasa lafiya a asibitin koyarwa, da sayen fasassun tukwane. Leburori masu haƙa harsashin gini a Tarauni da Hotoro sun gane shi. In diga ta tono tsingaro mai zane, ko gululun mazari na mutanen da, sai su kawo masa, ya ba su na shayi. Mu maƙwabta har suna muka sa masa, wai Sarkin Juji. Ba ya fushi, sai ya ce, "Ku dai ba ku gani ba ne. Ga shatin yatsan wadda ta gina shi."

Akwai wani tulu da ya fi ƙwallafa rai a kai. Guntayensa daga rami ɗaya suka fito, yana tara su a buhu, yana gwada wannan da wancan. Bakin kawai ya rage ya haɗa shi.

Da soja suka koma bariki, sabon kansilanmu ya samo masa kujerar Makka. Matarsa Uwani, mutuniyar kirki, ta rantse Alhaji ba zai dawo ya taka turɓaya ba. Siminti ya fi ƙarfinta, sai ta tara mata aka yi daɓe irin na ƙauyensu. Da tsakuwa ta kasa, ta jawo buhun nan, aka farfasa, aka bi da madaɓi ana guɗa.

Ranar da ya sauka, ta riƙo hannun rigarsa ta nuna masa tsakar gida. "Alhaji, ka ga tarkacenka sun yi rana!"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Wallahi na tausaya masa. Can ya ce, "Ya yi kyau, Uwani. Allah ya yi albarka." Har ya bar duniya bai faɗa mata abin da ta farfasa ba.

Bayan sati wani lebura, Audu, ya yi sallama da murnarsa, bakin tulun a hannu. Alhaji ya biya shi. Ya ajiye bakin a kan taga, bai sake sayen ko guda ba.

Da la'asar nakan same shi a tsakar gida ba tabarma, yana shafa daɓen da tafin hannu, yana neman wurin yatsan nan.